Tambayoyi da Amsoshi kan Sinadaran Tsirrai da Ƙwayar Cutar Gyambon Ciki

Da wuya mutum ya shiga babbar tashar mota ko kasuwar mako a ƙasar Hausa bai ji lasifikar mai magani tana kiran masu olsa ba, ga robobi jere a kan bayan mota, ga alkawarin cewa kwana bakwai sun isa a rabu da ciwon har abada. A ɗaya gefen kuma akwai masana a jami'o'i da suka shafe shekaru suna tatsar sinadarai daga ganye da saiwa da ƙaro, suna gwada su a kan ƙwayar da ke haddasa yawancin gyambon ciki. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne kan abin da wannan bincike ya nuna zuwa yanzu, da kuma inda ya tsaya.

Wace ƙwayar cuta ake nufi, kuma ta yaya take rayuwa a cikin tumbi?

Sunanta Helicobacter pylori, bakteriya ce mai siffar murɗaɗɗen zare, tana da wasu siraran wutsiyoyi da take iyo da su. An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa babu ƙwayar da za ta iya zama a cikin tumbin ɗan Adam saboda tsananin asid ɗin da ke ciki, sai ga wannan ta zo da dabararta. Tana fitar da wani sinadari mai suna yuriyas, wanda ke farfasa yuriya, wato ainihin sinadarin da manoma suka sani a buhun taki, wanda jikin mutum ma yake samar da shi, ya mayar da shi amoniya. Amoniyar nan ita ce ke kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ƙwayar, har ta samu damar kutsawa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, ta maƙale a can. Idan ta samu wurin zama, tana iya shekara hamsin ko fiye a jikin mutum ɗaya muddin ba a kawar da ita da magani ba.

Likitoci biyu ne suka gano ta a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall. A 1982 suka yi nasarar raya ta a ɗakin gwaji, bayan da hutun Ista ya sa aka bar farantan gwajin suka wuce kwana biyun da aka saba zubar da su. Da abokan aiki suka ƙi gaskata su, Marshall ya shanye ruwan da aka raya ƙwayar a ciki a 1984, cikin 'yan kwanaki ya kama tashin zuciya da amai, kuma da aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Ashe ba yunwa da yaji ne ke kawo olsa ba?

Yunwa da barkono da damuwa suna iya tayar da zafin ciki ga wanda bangon tumbinsa ya riga ya yi rauni, shi ya sa mutane da yawa suke fara lura da ciwon a watan azumi. Amma manyan abubuwan da ke huda bangon guda biyu ne: wannan ƙwaya, da magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da diklofenak da asfirin da firoksikam. Na biyun ya cancanci a tsaya a kansa, domin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa leburori da 'yan acaɓa da manoma a ƙananan shagunan magani da sunan maganin gajiya sau da yawa yana ɗauke da biyu ko uku daga cikinsu a ƙulli ɗaya. Wanda yake shan irin wannan kullum bayan ya tashi aiki, babu ganyen da zai warkar masa da ciki matuƙar bai daina ba.

Yaya yawan masu ɗauke da ita, musamman a yankinmu?

Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ita a 2015. Afirka ce ta fi kowace nahiya, da kusan kashi 70 cikin 100, Nijeriya kuma ta zo a sahun gaba da kusan kashi 88 cikin 100. Galibi tun ana yara ake kamuwa, a cikin gida, ta hanyar yawu ko amai ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma ana zargin tauna wa jariri abinci da baki na cikin hanyoyin.

Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa sanin tana jikinsu ba. Kimanin mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne ke samun gyambo a rayuwarsu, kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kuma suna iya kamuwa da sankarar tumbi, abin da ya sa hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ta cikin tabbatattun masu haddasa sankara tun 1994. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya jawo hankali a 1992 kan cewa ƙwayar ta zama ruwan dare a Afirka amma rahoton sankarar tumbi kaɗan ne. Har yau ana muhawara kan dalili, kuma wasu masana na ganin ƙarancin na'urar leƙa ciki da ƙarancin rajistar masu sankara suna da babban kaso a cikin wannan giɓi.

Tunda akwai maganin asibiti, me ya sa ake neman na tsirrai?

Saboda maganin asibitin ya fara gazawa. Tsarin da aka saba shi ne a haɗa mai rage asid, kamar omefrazol, da magungunan kashe bakteriya biyu, yawanci amoksisilin da kilaritromaisin, a sha tsawon kwana 14. Inda ƙwayar ta koyi jure kilaritromaisin, ana komawa ga haɗi huɗu: mai rage asid, da bismot, da tetrasaikilin, da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita ita ce, idan juriyar kilaritromaisin ta haura kashi 15 cikin 100 a wani yanki, kada a dogara da tsohon haɗin ba tare da gwaji ba, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwaya mai juriya cikin jerin waɗanda ake buƙatar sababbin magunguna dominsu. A Afirka juriyar metronidazol ta yi yawa ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san yadda ake sayen Flagyl guda biyu ko uku a haɗiye da zarar ciki ya murɗa.

Ga kuma wahalar shan maganin kansa: ɗaci kamar na ƙarfe a baki, gudawa, tashin zuciya, ƙwayoyi masu yawa safe da yamma, ga tsada. Mutane da dama sukan ajiye a kwana na biyar da zarar zafi ya lafa, wanda hakan ne ke ƙara wa ƙwayar juriya. Neman mafita a tsirrai kuwa ba sabon abu ba ne a tarihin magani. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin kuma daga wani tsiro dangin tazargade, aikin da ya kai Tu Youyou ta ƙasar Sin ga kyautar Nobel a 2015.

Ta wace hanya sinadaran tsirrai ke yaƙar ƙwayar?

Ba hanya ɗaya ba ce. Wasu suna lalata bangon ƙwayar kai tsaye ko su tsayar da ayyukan cikinta, kamar alisin na tafarnuwa da yujinol na kanumfari da salforafen na dangin kabeji. Wasu suna toshe yuriyas ɗin da take kare kanta da shi, kamar sinadaran koren shayi, ta yadda asid zai iske ta ba garkuwa. Wasu ba sa kashe ta sam, hana ta maƙalewa a bango kawai suke yi. Akwai kuma waɗanda aikinsu a jikin mutum yake, suna rage kumburi ko su ƙara kaurin yauƙin da ke kare tumbi, kuma waɗannan ne suka fi sa mutum ya ji sauƙi alhali ƙwayar tana nan daram.

Idan an ce bincike ya nuna ganye kaza yana kashe ta, me ya rage?

A nan gizo ke saƙar, domin yawancin irin wannan bincike a faranti aka yi shi. Mai bincike yakan shafa ƙwayar a kan wani abu mai kama da daskararren kunu a cikin ƙaramin faranti mai murfi, ya ɗora 'yar takardar da ya jiƙa da ruwan ganyen a tsakiya, ya ajiye a wuri mai ɗumi mai ƙarancin iska na kwana uku zuwa biyar. Da ya buɗe, sai ya ga ƙwayar ta tsiro ko'ina ban da wani da'ira fayau a kewayen takardar, ya auna faɗin da'irar da rula ya rubuta. Sakamako ne na gaskiya, amma a farantin nan ƙwayar a fili take, sinadarin yana zaune a kanta dare da rana, babu abin da ke wanke shi.

Tumbi ba haka yake ba. Abin da aka haɗiya yakan wuce zuwa hanji cikin sa'o'i biyu zuwa huɗu, ruwa ma ya fi haka sauri. Asid yana lalata wasu sinadaran kafin su yi komai, abinci yana tsarma su, ƙwayar kuma tana ƙarƙashin yauƙi, wasu ma sun shige cikin ƙananan ramukan bangon. Idan ta ji matsi takan dunƙule ta koma siffar ƙwallo ta rage aiki har haɗari ya wuce. Magungunan asibiti suna cin nasara ne a wani ɓangare saboda suna shiga jini sannan su tsattsafo ta bangon tumbi su iske ta ta baya, abin da sinadarai irin su kurkumin, na cikin kurkum, ba sa yi sosai domin kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jini. Saboda haka ɗaruruwan tsirrai sun ci jarrabawar faranti, kaɗan suka kai ga gwaji a jikin mutane, kuma daga cikin waɗannan babu wanda shi kaɗai ya kai matsayin da ake nema, wato kawar da ƙwayar daga mutum tara cikin goma.

Tafarnuwa fa? Kowa ya san ƙarfinta.

Tafarnuwa ce misali mafi kyau na tazarar da ke tsakanin faranti da ciki. Alisin, wanda ke samuwa a lokacin da aka daka ko aka yanka ta, yana kashe ƙwayar a ɗakin gwaji. Amma a 1999 David Graham da abokan aikinsa a Houston ta Amurka suka ba mutum 12 masu ɗauke da ƙwayar abinci haɗe da sala goma na ɗanyar tafarnuwa, a wani zama kuma da barkono, suna auna ƙarfin ƙwayar ta gwajin numfashi. Tafarnuwa ba ta rage komai ba, barkono ma haka, bismot ne kawai ya danne ta.

Akwai wani bincike mafi girma a gundumar Linqu da ke lardin Shandong na ƙasar Sin, inda sankarar tumbi ta yi yawa. An fara shi a 1995 da mutum 3,365, wasu aka ba su maganin kashe ƙwayar na mako biyu, wasu aka ba su ƙwayoyin tafarnuwa na sama da shekara bakwai, aka bibiye su tsawon shekara 22. Maganin mako biyu ya rage kamuwa da sankara da kusan rabi. Tafarnuwa ba ta kawar da ƙwayar ba, sai dai an samu raguwar mace-mace daga sankarar tumbi a cikin waɗanda suka sha ta. Wannan dalili ne mai kyau na ci gaba da sa ta a miya. Haɗiyar ɗanyarta da safe ciki ba komai, kamar yadda wasu ke ba da shawara, ƙona mai gyambo kawai take yi.

Me aka gano game da habbatus sauda?

Matsayinta a wurin Musulmi sananne ne saboda hadisin da ya zo a kanta, kuma masu binciken da suka gwada ta sun tambayi abin da ya rage ne, wato nawa za a sha, na tsawon wane lokaci, kuma tare da me. A 2010 aka wallafa gwajin da aka yi a birnin Al-Khobar na Saudiyya kan mutum 88 masu ɗauke da ƙwayar, aka kasa su gida huɗu. Waɗanda suka sha haɗin asibiti, ƙwayar ta ɓace daga kusan kashi 83 cikin 100. Sauran gida uku an ba su garin habbatus sauda tare da omefrazol na mako huɗu: masu giram 1 a rana suka samu kusan kashi 48, masu giram 2 suka samu kusan kashi 67, masu giram 3 kuma suka koma kusan kashi 48.

Kashi 67 adadi ne mai ɗaukar hankali, kuma yana cikin mafi kyawun sakamakon da wani tsiro ya taɓa bayarwa a jikin mutane. Sai dai mai karatu zai lura da abin da bai zauna daidai ba: in har ƙarfin irin ne kaɗai ke aiki, bai kamata giram 3 ya gaza giram 2 ba. Kowane gida mutum ashirin da 'yan kai ne, ta yadda sakamakon mutum uku ko huɗu ya isa ya juya lissafin. A ganina gwajin ya ba da hujjar a sake yin wani mai mutane ɗaruruwa, bai ba da hujjar a ajiye maganin likita ba. Sinadarin da ake danganta aikin da shi ana kiransa timokwinon, kuma yawansa ya bambanta ƙwarai daga wannan kwalbar mai zuwa waccan.

Ana yawan ambaton ƙaron mastik da tsiron burokoli, mene ne labarinsu?

Mastik ƙaro ne da ake tsaga daga wata bishiya a tsibirin Chios na ƙasar Girka, an daɗe ana tauna shi don ciwon ciki. Ya yi suna ne a 1998 bayan da masu bincike a Nottingham ta Ingila suka sanar cewa yana kashe ƙwayar a faranti. A 2003 aka ba 'yan mutane ƙalilan giram 1 sau huɗu a rana na kwana 14, babu wanda ya rabu da ita. A 2010 aka sake gwadawa a Chios ɗin kan mutum 52: ƙaron shi kaɗai ya kawar da ita daga mutum 4 cikin 13 a ƙaramin awo da 5 cikin 13 a babban awo, haɗin asibiti kuma ya kawar daga 10 cikin 13.

Labarin salforafen, sinadarin da ke cikin burokoli ɗan dangin kabeji, ya fi koyar da darasi. Jed Fahey da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna a 2002 cewa yana kashe ƙwayar, har da mai jure magani. A 2009 aka wallafa gwajin Japan, inda mutum 48 suka kasu biyu, rabi suna cin giram 70 na tsiron burokoli kullum tsawon mako takwas. Ma'aunan ƙwayar a numfashi da bayan gida sun sauka, alamun kumburi ma sun ragu, amma wata biyu bayan an daina ci komai ya koma yadda yake. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ya haɗa wannan da mu shi ne zogale, domin yana ɗauke da wani sinadari ɗan gidan su salforafen, wanda shi ma ya nuna ƙarfi a kan ƙwayar a ɗakin gwaji. Sinadarin yana samuwa ne idan aka tauna ko aka daka ɗanyen ganye, doguwar dafuwa irin ta kwaɗo kuma tana kashe abin da ke samar da shi.

Kurkum da citta da zuma da kuɓewa fa?

Kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum, wato gangamau, launinsa, an gwada shi a Italiya a 2007 cikin wani haɗi na kwana bakwai kan mutum 25. Mutum 3 kacal suka rabu da ƙwayar, amma yawancinsu sun ce ciwon ya yi sauƙi. Citta tana rage tashin zuciya, kuma ta hana ƙwayar girma a faranti. Zumar manuka ta ƙasar New Zealand ta yi rawar gani a ɗakin gwaji, da aka ba mutum 12 na mako biyu kuma babu wanda ya warke.

Kuɓewa ta zo da nata salon. Masu bincike sun nuna a 2004 cewa yauƙin ɗanyar kuɓewa yana hana ƙwayar maƙalewa a jikin yankakken bangon tumbi, domin yauƙin yana liƙe wa ƙwayar ne ya toshe wuraren da take kamawa da su. Irin wannan aiki na hana maƙalewa shi ne ake danganta wa ruwan wani jan ɗan itace na Amurka mai suna kiranberi, wanda aka ba mutum 189 a Linqu na kwana 90, kimanin kashi 14 cikin 100 suka fito ba alamar ƙwayar, idan aka kwatanta da kashi 5 na waɗanda suka sha ruwan bogi.

An taɓa gwada itatuwanmu na gida?

An gwada wasu a faranti. Bagaruwa da namijin goro da ganyen bishiyar turare duk sun nuna suna hana ƙwayar girma, kuma masu bincike a Jami'ar Ibadan da cibiyar binciken lafiya ta Yaba a Legas sun daɗe suna aiki kan wannan ƙwaya. Bagaruwa cike take da sinadarin tanin, shi ne abin da majema ke jeme fata da shi, kuma tanin yana kama kusan kowane furotin da ya haɗu da shi, na ƙwayar cuta da na hanjin mutum. Saboda haka da'ira mai faɗi a faranti ba ta nuna cewa an samu magani, tana iya nuna cewa an samu abu mai kaifi kawai. Tumfafiya ma an gwada ta ta nuna ƙarfi, alhali ruwan nononta yana ɗauke da gubar da ke rikita bugun zuciya, kuma bai kamata kowa ya kai shi baki ba.

Na sha jiƙo na ji sauƙi sosai, wannan ba warkewa ba ce?

Jin sauƙi da mutuwar ƙwaya abubuwa biyu ne daban. Ciwon gyambo dama yana zuwa ne yana tafiya, ya matsa makonni ya lafa watanni, kuma mutum yakan nemi magani ne a lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa, ta yadda duk abin da ya sha a ranar shi zai samu yabo. Na san wani dattijo a danginmu da ya shekara biyu yana canza masu magani, kowane jiƙo ya yi masa aiki na wata guda, yana kwana da gorar madara a gefen katifa saboda zafin da ke tashinsa wajen ƙarfe biyu na dare. Madarar tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Sai da bayan gidansa ya koma baƙi aka kai shi asibiti, kuma kwana 14 na magani suka yi abin da shekara biyu ba su yi ba. Kanwa da ungurnu da ake jiƙawa ma haka suke, suna kashe kaifin asid na mintuna, ba sa taɓa ƙwayar, ga kuma gishirin da ke cikinsu ga mai hawan jini.

Akwai haɗari a shan waɗannan abubuwa?

A matsayin kayan miya, da wuya a samu matsala. Haɗarin yana zuwa ne da tacewa da yawan sha. Saiwar da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda aka taɓa samar da maganin gyambo daga gare ta a shekarun 1960, tana ɗaga hawan jini, tana zubar da sinadarin fotasiyam daga jiki, har ta kai ga kumburin ƙafa da rikicewar zuciya. Tafarnuwa da citta da kurkum masu yawa suna ƙara saurin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, kuma mai gyambo dama zubar jini ne babban abin tsoronsa. An samu rahoton lalacewar hanta daga ƙwayoyin kurkum da aka haɗa da sinadarin masoro don su ƙara shiga jini. Barbarin, wani sinadari mai ɗaci rawaya, bai dace da mai ciki ko mai shayarwa ko jariri ba. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

To a ina tsirrai za su fi amfani?

A matsayin mataimaka, gefe da gefe da magungunan kashe bakteriya. A ƙasar Sin an yi gwaje-gwaje kan ɗaruruwan mutane inda aka sa barbarin a gurbin bismot cikin haɗi huɗu, aka samu sakamako mai kama da na asalin haɗin, wanda hakan na da muhimmanci ga ƙasashen da bismot ke wahalar samu. Wasu ƙananan gwaje-gwaje kuma sun nuna cewa ƙara wani tsiro a kan haɗin asibiti yana ɗan ɗaga nasara ko ya rage laulayin magani. Wanda yake son haɗawa ya gaya wa likita ko mai harhaɗa magani sunan abin da yake sha, domin tetrasaikilin, alal misali, ba ya shiga jini yadda ya kamata idan aka sha shi da madara ko kanwa.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba ta nuna maganin yana aiki ba?

Rajistar da hukumar ke yi wa yawancin magungunan gargajiya ta shafi lafiyar shan su ne, wato ba su da guba a gwajin da aka yi. Shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da ke kanta ba. Wannan layi yakan zo da ƙananan haruffa a ƙasa, kuma ya kamata a neme shi a karanta kafin a biya kuɗi.

Waɗanne alamomi ne ba sa jiran jiƙo?

Aman jini ko amai mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida mai danƙo da wari, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙage kamar katako, rama ba dalili, wahalar haɗiya, amai da ya ƙi tsayawa, da farin ido na ƙarancin jini. Haka nan wanda ciwon ciki ya fara masa bayan ya manyanta, ko wanda aka taɓa samun sankarar tumbi a gidansu, yana buƙatar a leƙa cikinsa da na'ura. Mai shan bismot ko maganin ƙarin jini zai ga bayan gidansa ya yi baƙi ba tare da zubar jini ba, amma likita ne zai bambance.

Ta yaya mutum zai tabbatar ƙwayar ta mutu, ko da me ya sha?

Da gwajin bayan gida ko gwajin numfashi. A na numfashi ana ba mutum ruwa ko ƙwaya mai ɗauke da yuriya mai alama, ya jira kimanin minti 15 zuwa 30, ya hura iska a cikin jaka ko bututu. Idan ƙwayar tana raye za ta farfasa yuriyar, alamar ta fito a numfashi. Gwajin jini, wanda shi ne ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji saboda arha, ba ya amfani a nan, domin yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, kuma yana iya ci gaba da nuna hakan shekaru bayan ta mutu. Mutane da yawa sun sha haɗin magani sau biyu ko uku a banza saboda wannan kuskure.

Lokacin gwajin ma yana da ƙa'ida. A jira aƙalla mako huɗu bayan gama magungunan kashe bakteriya ko bismot, a kuma dakatar da omefrazol da danginsa na mako biyu kafin ranar. Wanda yake shan habbatus sauda ko ƙaro ko wani jiƙo, ya kamata shi ma ya ajiye su na wasu makonni kafin ya je, domin abin da ke danne ƙwayar ba tare da kashe ta ba yana iya sa gwaji ya fito babu komai, kamar yadda ma'aunai suka sauka a gwajin Japan sannan suka dawo bayan wata biyu.